Cin Ranin Da Ba Shi Da Damina

A taron ƙungiyarmu na watan jiya, bayan an gama karatun gajerun labarai an shiga hira, wani matashi daga cikin sababbin 'yan ƙungiya ya matso kusa da ni da kwalbar lemo a hannunsa, ya ce, "Malam, an ce ka yi shekara takwas a Italiya. Ina rubuta littafi ne, kuma tauraron zai tafi Turai ya dawo da kuɗi ya auri yarinyar da aka hana shi. Wane aiki ya kamata in ba shi a can?" Na ce masa ya ba shi cirar lemo. Ya yi dariya, yana tsammani ba'a nake yi masa. Kafin in yi masa bayani aka kira salla, muka watse. To, ga bayanin nan a rubuce, Edita ya yi haƙuri da tsawonsa.

Ni ɗan mai cin rani ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kowace shekara da zarar an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai ya naɗe tabarmarsa ya rataya butarsa ya nufi Ikko, ya yi ta ga-ruwa a Agege har wata biyar. Yana da maigida a can, mutumin garinmu, wanda yake saukar da su a zaurensa, ya ajiye musu kuɗinsu, in ɗayansu ya kwanta ciwo ya aiko gida. Mu kuwa a ƙauyenmu na ƙasar Gumel ba mu bukatar wasiƙa mu san ranar dawowarsa. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna za ta share ɗakinsa ta wanke ƙwaryarsa, kuma ba a yin mako guda sai ga shi da turmin atamfa da sandar sabulu da kuɗin haraji. Wahala kam ya sha ta, kafaɗarsa ta yi kanta har ya mutu. Amma cin raninsa yana da ranar fita, yana da ranar komawa, kuma damina ce take kiransa.

Ni da na gama sakandare ban sami abin yi ba, sai na bi ayarin masu zuwa Libiya a 2008, ta Agadas da Dirku da Sabha har Turabulus, inda na yi shekara uku ina leburancin gini. Ban taɓa niyyar tsallaka teku ba. Yaƙin 2011 ne ya tsallakar da mu, domin a kwanakin nan duk baƙar fatar da aka gani a titi ana iya cewa sojan hayar Gaddafi ne. Muka sauka tsibirin Lampedusa, aka rarraba mu sansani-sansani, muka zauna muna ci muna barci kamar tumakin layya kusan shekara biyu. A ƙarshen Fabrairun 2013 gwamnatin Italiya ta rufe shirin da take riƙe da mu a ƙarƙashinsa, aka ba kowannenmu yuro 500 da takardar izinin zama ta shekara guda, aka nuna mana ƙofa.

Wani Bahaushen zangon Kumasi, wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi, shi ya koya mini kalandar ƙasar. Ya ce daga Nuwamba zuwa Maris ana cirar lemo a Kalabriya, can ƙarshen kudu. Da bazara sai a tsallaka Sisili haƙar dankali. Daga Yuli zuwa Satumba sai tumatir a filayen Foggia da kankana a Nardo. In kaka ta yi, mai kuɗin mota ya hau arewa zuwa Saluzzo cirar tuffa, marar shi ya tsaya kudu ya jira zaitun. Kafin a gama zaitun lemo ya sake nuna. Na ce masa, "To yaushe ake komawa gida?" Ya dube ni kawai ya ci gaba da ɗinke jakarsa. Shi kansa manomin tumatir ne a ƙasarsu, tumatirin gwangwani mai araha da ake shigowa da shi Gana daga Italiya da Sin ya kashe masa kasuwa, ya biyo gwangwanin har gidansa yana cika akwati mai cin kilo 300 a kan yuro uku da rabi.

Garin da na fi daɗewa shi ne Rosarno, domin na ci hunturu shida a can. Bari in ba mai karatu yini guda daga cikinsu, kowane ya ɗauka daidai yake da saura.

Kafin asuba ake tashi. Sanyin wurin ba irin na hunturunmu ba ne mai bushewa, sanyi ne mai laima da yake shiga ƙashi ya zauna. Ka sa wando biyu da riga uku, ka zura ƙafarka cikin leda kafin ka sa takalmin roba, ka hau keke in kana da shi, ka nufi bakin hanyar da ake tsayawa. Nan za ka tarar da mutum ɗari ko fiye a jere cikin duhu, 'yan Mali da Gana da Burkina da Gambiya da Senegal da Nijar da mu, kowa hannu a hammata. Can sai ƙananan motoci su fara zuwa. Mai ɗaukar ma'aikata, wanda ake kira kafo, watau heluma ke nan, zai sauke gilashi ya ƙare muku kallo kamar mai zaɓen rago a kara, ya nuna da yatsa: kai, kai, da kai. Motar mutum tara sai a cusa goma sha biyar a kan benci na katako. Kuɗin motar kuwa daga ladanka zai fita, yuro 3, wani lokacin 5. Wanda hantsi ya yi ba a nuna shi ba, ya koma ya kwanta, ranarsa ta tafi.

A gona, ganyen lemo cike yake da raɓa, ko da ruwan da aka kwana ana yi. Reshen farko da ka ɗaga zai juye maka shi daga wuyan hannu har hammata, kuma a jiƙe za ka yini. Tanjarin da almakashi ake yanke shi ɗaya-ɗaya, a bar masa ɗan ganye biyu domin masu saye a manyan kantuna su ga alamar sabo ne. Lemon zaƙi kuwa murɗewa ake yi da hannu. Kiret ɗin tanjarin yuro 1 ne, na lemon zaƙi rabin yuro, in kuma lada na yini aka yi, yuro 25 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Kiret ya kan haura kilo 20, kai za ka cika shi, kai za ka saɓa shi a kafaɗa ka ratsa taɓo zuwa inda tarakta take. Ƙaya ta tsage ka, maganin feshi ya shiga tsagar, hannu ya faffashe har ka kasa riƙe cokali da dare. Abincin rana burodi ne da lemon da ya faɗo ƙasa. Mun sha lemo har haƙoranmu sun mutu, shi ya sa har yau in aka ajiye mini lemon ɓawo a gidan biki sai in tura wa na kusa da ni.

Wani zai yi lissafi ya ce yuro 25 sau talatin ai kuɗi ne. To, ba sau talatin ba ne. Ranar ruwa ba aiki, ranar da farashi ya faɗi ba aiki, ranar da kafo ya ga wanda ya fi ka ƙarfi ba aiki. Watan da na sami kwana goma sha biyar, na gode Allah. Alhali kuwa dokar ƙasar ta ce yinin ɗan ƙwadagon gona awa shida da rabi ne, ladansa ya haura yuro 40. Muna jin labarin wannan doka kamar yadda ake jin labarin birnin Sin.

Inda muke kwana kuwa, a gefen wani ƙaramin gari ne mai suna San Ferdinando, cikin filin masana'antun da aka shata ba a gina ba, kusa da babbar tashar jiragen ruwa ta Gioia Tauro. Gwamnati ta kafa shuɗɗan tantuna domin 'yan ɗaruruwan mutane, sai bukkoki suka tsiro kewaye da su har wurin ya kan ɗauki mutum 2,000 ko fiye a tsakiyar kakar lemo. Bukkar katako ce da kwali da tsohon kwano, a lulluɓe da ledar gona, a ɗaure da tiyon ban ruwa. Tamu mu shida ne a ciki, katifa uku da muka tsinto a bola. Ba lantarki, ba makewayi sai bayan gari. Mai son wanka ya sayi bokitin ruwan zafi rabin yuro a wurin masu dafa shi a ganga, mai son cajin waya ya biya mai janareto. Da dare kowa ya hura wuta a gwangwani a cikin bukkarsa, domin in ba ka hura ba sanyi ya hana ka barci, in ka hura kuma ka kwana da ido ɗaya.

Duk da haka ba zan ce wurin ba rai a cikinsa ba, ƙarya ke nan. Zango ne sosai. Akwai masallaci na tanti, akwai coci, akwai mahauci da wanzami da mai gyaran keke da mai shayi. Hausa tana ci a kasuwar wurin kusan kamar Bambaranci, domin 'yan Nijar da 'yan Gana da wasu 'yan Burkina duk da ita suke ciniki. A nan na koyi tuƙa tuwon samo a tukunyar mutum goma, 'yan Mali suka koya mini miyar gyaɗa irin tasu. In mutum ya rasu a kan yi karo-karo a kai gawarsa gida ko a binne shi. Akwai kuma likitocin sa kai da suke zuwa da mota su duba marasa lafiya, da wata tsohuwa 'yar Rosarno da ake kira Mamma Afirka wadda ta yi shekaru tana dafa wa baƙi abinci ran Lahadi. Allah ya san da su.

Abin da ya bambanta cin raninmu da na mahaifina, takarda ce. Shi tabarma da buta kawai ya ɗauka. Mu kuwa takardar izinin zama tana ƙarewa, in za a sabunta ta sai an tambaye ka adireshi, bukka kuma ba adireshi ba ce. In ba takarda ba mai rubuta maka yarjejeniyar aiki, in ba yarjejeniya ba mai ba ka hayar ɗaki, in ba ɗaki ba adireshi. Haka za ka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Wasu kan sayi adireshin ƙarya ko yarjejeniyar ƙarya da ladan wata biyu. Ko waɗanda aka rubuta wa yarjejeniya ta gaskiya, sai ka yi kwana ashirin a gona mai gonar ya rubuta uku. Dalili kuwa, a dokarsu wanda aka rubuta wa kwana 102 cikin shekara biyu yana da haƙƙin karɓar tallafin rashin aiki, to sauran kwanakinka sai a rubuta su da sunan wani ɗan gari wanda bai taɓa ɗaga kiret ba, shi ya karɓa. Mai takardar da ta mutu kuwa ba ya iya zuwa gida ganin uwarsa, domin in ya fita ba dawowa, ga bashin hanya bai biya ba. Wannan shi ya sa damina take zuwa ta wuce ba wanda ya motsa.

Ban ce duk masu gonakin azzalumai ne ba. Na yi wa wani tsoho aiki, gonarsa ba ta wuce eka biyar ba, yana biyanmu kullum da yamma a hannu, wani lokacin matarsa ta aiko mana da gahawa. Wata rana ya nuna mini takardar cinikinsa: masu matse lemo suna sayen kilo a kan kwabo 7 na yuro. Ya ce manyan kantuna su suke yanka farashi, masu matsewa su danne manomi, manomi kuma wa zai danne? Ya nuna ni da haɓarsa. Maƙwabtansa da yawa sun bar lemonsu yana zuba yana ruɓewa a gindin bishiya saboda kuɗin cira ya fi kuɗin sayarwa. Amma kuma na yi wa wani kwana goma sha ɗaya, ya ce ya ba kafo kuɗinmu, kafo ya ce ba a ba shi ba, daga baya ya kashe wayarsa. Kafon nan kuwa, jama'a, ba Bature ba ne. Baƙi ne kamarmu, a sahun gaba yake salla, da harshenmu yake yi mana alkawari. Wannan ita ce wadda ta fi yi mini ciwo, kuma ita ce ba mu cika son faɗa ba in muna ba da labari.

A bukkarmu akwai wani dattijo ɗan Damagaram, muna ce masa Baba. Shi ya ga abin da ya faru a 2010, kuma ba ya son a tayar da zancen sai in dare ya yi nisa. Ran 7 ga Janairu na shekarar, wasu samarin gari a cikin mota suka harbi ma'aikata baƙi da bindigar iska suna dawowa daga gona. Ba shi ne karo na farko ba, amma a ranar tura ta kai bango, baƙi suka fito titi suka farfasa motoci da tagogi. Kashegari 'yan gari suka fito da sanduna da bindigogi suna farautar duk baƙin da suka gani. Mutum fiye da 50 suka ji rauni, aka kwashe baƙi fiye da 1,000 a motocin safa aka fitar da su daga garin, aka rushe tsofaffin masana'antun da suke kwana a ciki. Baba ya ce yana cikin motar yana jin wasu suna tafi. Na tambaye shi me ya dawo da shi. Ya ce, "Ɗana, da Nuwamba ta zagayo su suka neme mu. Lemo ba ya cire kansa."

Yanzu zan zo ga nawa laifin, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ran babbar sallar 2014 na ari rigar fata a wurin wani ɗan Gambiya, muka shiga gari yawon salla. A bakin wani kanti na ga jar mota tana ƙyalli, na jingina da ita, na ɗora hannu a kan murfinta, aka ɗauke ni hoto. Na sa a Facebook, na kuma aika gida. Ban rubuta cewa tawa ce ba, Allah ya sani, amma ban rubuta cewa ba tawa ba ce. In na buga waya Inna ta tambaye ni aiki, sai in ce, "Aiki sai godiya, Inna, ina kamfanin lemo." Ita da mutanen gida suka ɗauka na kwalba ne, na bar su a haka. Kuɗi kuwa ina aikawa, yuro ɗari in wata ya yi kyau, hamsin in bai yi ba. Da su aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano, da su aka yi wa ƙanwata kayan ɗaki. Ba wanda ya san cewa mai aiko kuɗin kwanon a ƙarƙashin leda yake kwana. Ina ganin na yi musu alheri ne, kada su damu. Gaskiyar magana kuwa kunya nake ji.

Autanmu yana da shekara goma sha tara a lokacin, hoton nan yana cikin wayarsa. A 2016 ya sayar da rabonsa na gonar mahaifinmu, bai gaya wa kowa ba, ya kama hanyar Agadas. A shekarar mutum fiye da 180,000 suka shiga Italiya ta teku, 'yan Nijeriya suka fi kowa yawa a cikinsu. Ban san ya fita ba sai da aka kira ni daga Sabha da wata baƙuwar lamba, na ji muryarsa yana kuka, ana dukansa, ana cewa in aiko kuɗi. Na aika duk abin da na tara na tumatirin shekarar, na ranto sauran a wurin Baba. Ya tsallako da rai, aka ajiye shi a wani sansani a arewa, aka saurari ƙararsa ta neman mafaka aka ƙi, ya ɗaukaka ƙara. A Nuwambar 2017 ya ce ya gaji da zama, zai zo wurina ya yi aiki a kamfaninmu. Na yi ta kawo masa dalilai, har dalilai suka ƙare.

Da keke na je tarbarsa tashar jirgin ƙasa ta Rosarno. Ya dubi keken, ya dube ni, ya hau baya ya rungume jakarsa. Har muka isa bai ce uffan ba. Muka ratsa taɓo da hayaƙi da layin masu jiran ruwa, na ɗaga ledar ƙofa na ce ya shiga, na bar masa gefen katifar da ba ya yoyo. Ya gaida Baba da ladabi, ya ci tuwo kaɗan. Can tsakar dare, ina tsammani ya yi barci, sai na ji ya ce a hankali, "Yaya, ina motar?" Na ce, "Ta mutane ce, Auta." Ya ce, "Na sani tun daga tasha. So nake in ji daga bakinka." Bai ƙara tayar da zancen ba har yau, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bai cika wata uku ba wuta ta tashi. Daren 27 ga Janairun 2018 ne, wajen ƙarfe biyu. Leda da kwali da tukwanen gas, ga iska daga teku, kafin a ce kwabo layi guda ya kama. Na fito da gajeren wando ina kiran sunansa, ashe shi ya fita ta baya yana kiran nawa, ba mu haɗu ba sai da gari ya waye, na same shi a zaune a bakin titi ba takalmi. Bukka wajen 200 ta ƙone. Wata 'yar Nijeriya mai shekara 26, wadda ita ma an ƙi ba ta mafaka, ta ƙone a cikin tata. Mu mun tsira da rai, amma jakar ledar da Auta yake ajiye takardun ƙararsa ta tafi, sai da muka yi wata huɗu muna sintiri ofis-ofis kafin a sake ba shi wasu.

Shekarar nan ba ta bar mu mun huta ba. Ran 2 ga Yuni aka harbe Soumaila Sacko, ɗan Mali mai shekara 29, ɗan ƙungiyar ƙwadago, a wata tsohuwar masana'anta da aka yi watsi da ita, inda ya raka abokansa biyu ɗebo tsohon kwanon da za su yi bukka, saboda kwano ba ya cin wuta kamar leda. Ba abokina ba ne, amma duk mazaunin wurin ya san fuskarsa. Aka yi yajin aiki, aka yi tattaki zuwa ofishin magajin gari, daga baya kotu ta ɗaure wanda ya harbe shi shekara 22. A watan Agusta muna Foggia, motocin kafo biyu suka yi haɗari kwana biyu tsakani, masu cirar tumatir 16 suka mutu. Muka sa jajayen huluna muka taka daga gonaki har cikin gari. Doka kam akwai ta, tun 2016 aka yi wadda ta tanadi ɗauri ga kafo da mai gonar da ya sa shi, kuma tun 2011 wani ɗalibi ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, ya jagoranci yajin aiki a Nardo wanda ya sa aka fara ɗaukar aikin kafo a matsayin laifi. An kama wasu, ba a ce ba a kama ba. Amma wanda takardarsa ta mutu, yaya zai shiga ofishin 'yan sanda ya kai ƙara?

A Oktobar 2018 aka yi dokar da ta soke irin takardar jinƙai da nake riƙe da ita. Ran 6 ga Maris 2019 katafiloli suka zo da ɗaruruwan 'yan sanda suka baje zangon San Ferdinando. Na tsaya ina kallon inda na ci hunturu shida ya zama fili cikin yini guda, na ce ya isa. Na shiga shirin masu komawa gida da son ransu, aka saya mini tikiti. Na roƙi Auta mu taho tare. Ya ce, "Yaya, kai ka yi wa Inna kwano, kana da abin nunawa. Ni gona na sayar. Da me zan shiga gari?" Ban sami amsar ba shi ba.

Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe iyakoki, amfanin gona ya fara lalacewa, sai gwamnati ta tuna da masu cira, ta buɗe ƙofar halatta marasa takarda. Mutum fiye da 200,000 suka nema, amma na gona ba su wuce wajen 30,000 ba, domin mai gona ne zai nema maka ya kuma biya yuro 500. Auta shi ya ba mai gonar kuɗin daga aljihunsa, har da ƙari, ya jira kusan shekara uku kafin takarda ta fito. Yanzu yana arewa yana aikin tuffa, su biyar a ɗaki, amma ɗaki ne na bulo mai lamba a ƙofa. Wasu ba su kai nan ba. A Yunin 2024 injin gona ya cire wa wani ɗan Indiya mai suna Satnam Singh hannu a yankin Latina, mai gonar ya ɗauko shi ya yar a ƙofar gidansa da hannun a cikin kiret ɗin kayan lambu, ya mutu bayan kwana biyu.

To, ɗan'uwana mai littafi, ga aikin da zan ba tauraronka. Ban ce kada ya dawo da kuɗi ba, wasu suna dawowa da su, ni ma ɗakin Inna ba ya yoyo. Amma na karanta littattafanmu da yawa inda ake sallamar saurayi a filin jirgi a ƙarshen babi, a buɗe babi na gaba ya sauko da jaka da tabarau, shekara biyar ɗin da ke tsakani kuwa layi ɗaya ce. Wannan layin ita ce hoton da na ɗauka a jikin jar mota, kuma yara suna karantawa.

Da ƙaramar sallar da ta wuce Auta ya aiko hoto. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sa farar shadda da na aika masa, yana jingine da wata baƙar mota, hannunsa a kan murfinta. Inna ta yi ta juya wayar tana sa masa albarka, ta ce in kai a wanke mata shi babba. Na kai aka wanke, aka sa masa gilashi, na kafa mata ƙusa da hannuna. Bayan kwana uku ɗan maƙwabcinmu, wanda ya gama sakandare bara, ya shigo gaida ta, ya daɗe a tsaye gaban hoton. Na ja shi zaure na zaunar da shi, na ba shi duk labarin nan da kuka karanta, har da wanda ban rubuta ba, na nuna masa tabon hannuna. Ya saurara da kyau har aka kira la'asar, yana ta cewa, "Allah sarki, Yaya." Da muka tashi sai ya ce in taimaka masa da lambar Auta. Na ce masa wayata ba caji. Ya ce ba komai, zai dawo gobe.